Neman shawara: me zan shuka ya rufe ƙasa a gindin mangwaro?

Mai tambaya, daga Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum. Akwai babban mangwaro a tsakar gidanmu, ƙarƙashinsa ƙura zalla, kirikiri ya ƙi kamawa. Na ga hoton wasu ƙananan furanni shuɗaye da ke shimfiɗe dajin Ingila a watan Afrilu. Za su yi a nan?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kashe kuɗinki. Waɗannan sai albasarsu ta sha sanyi mai tsanani, sannan su yi fure kafin itatuwa su fid da ganye. Afrilunmu zafi kan kai digiri 40, mangwaro kuma ba ya tuɓe ganye. Ki nemi balasa, wadda ke fitowa a gefen gonaki da damina. Furenta shuɗi ne, tana son inuwa, tana yaɗo.

Amsa ta biyu:
Balasa ce kam. Ki bari ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko Yuli. Kada a yi kaftu, saiwoyin mangwaro a sama suke. A karce ƙasar kawai, a baza ruɓaɓɓen taki kaurin yatsa uku, a bar kamu biyu tsakaninsa da gindin bishiyar. Ki yanko rassan balasa masu gaɓa huɗu, ki kwantar da su, ki rufe gaɓa biyu da ƙasa, tazarar kamu ɗaya. Daga gaɓa ne saiwa ke fitowa, shi ya sa wanda aka soka a tsaye yake yaushi. In inuwar ta yi duhu, a sassabe rassan mangwaron na ƙasa, in ba haka ba balasar za ta yi ta miƙewa siririya babu fure. Ganyen mangwaro da ya zubo a riƙa tsince shi da hannu, yana danne ta, tsintsiya kuma tana tuge sabon dashe.

Amsa ta uku:
Hajiya, ki kewaye ta da bulo tun farko. Ciyawa ce mai naci, har a ƙarƙashin ƙasa take yin iri, kuma wadda aka cire aka yar a danshi sake kamawa take. Furen da safe yake buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane. Da hunturu sai ban-ruwa duk bayan kwana biyu, in kin bari ta bushe, irinta ya fito da ruwan fari. Awaki da zomaye suna cin ta, a tsare su.