Na yi mafarkin wata tsohuwar mota da ban taɓa gani ba, wa zai fassara min?

Ɗan Alaba Rago:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman masu ilimi su taimaka, jiya da daddare na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi barin raina. Wai ina tsaye a kan gadar Third Mainland ta Legas, ba mota ko ɗaya ba gosulo ba ɗan LASTMA mai ba da hannu a titi, wanda kun san wannan kaɗai ma ya isa ya nuna mafarki ne, sai ga wata ƴar mota mai zagayen baya kamar an kifa ƙwarya, launin ruwan toka, fitilunta biyu zuru-zuru. Na buɗe gabanta in duba inji sai na tarar ba komai ciki sai taya ɗaya da kwandon goro, amma kuma ƙara na tashi daga baya, tututu. Sitiyarin a hannun dama yake. Wanda ke tuƙi kakana ne da ya rasu tun ina firamare, bai ce min komai ba ya dai buɗe ƙofa, ina ƙoƙarin shiga kenan aka kira sallar asuba. Wlh abin da ya tsorata ni kenan, na sha jin ana cewa in mamaci ya kira ka a mafarki akwai magana.

Bakaniken Ladipo:
Wa alaikumussalam. Malam ai motarka ba ta aljanu ba ce, Volkswagen Beetle ce, wadda Yarbawa ke ce wa ijapa, wato kunkuru. Duk abin da ka lissafa haka take a zahiri. Injinta a baya yake, gaban kuma but ne, nan ake sa kaya da sifiya taya. Ba ta da lagireto ma sam, iska ke sanyaya injin, shi ya sa ƙararta ta fita daban, mu da muka koyi aiki wajen tsofaffin makanikai ko ido a rufe za mu gane ta. Kuma abin dariyar a unguwarku aka riƙa haɗa ta, a Ojo kan titin Badagry kamfanin ya fara aiki a 1975, har gobe tashar da ke wajen Volks ake ce mata. Kai da kake Alaba Rago ai kullum sai ka ji kwandasta na ihun sunan.

Baba na Agege:
Yaro ka tuna min da baya. Bakanike ya yi gaskiya sai dai abu ɗaya, waɗanda aka haɗa a Ojo duk sitiyarin hagu ne. Mai sitiyari a dama ta girme su, domin kafin watan Afrilu na 1972 a gefen hagu ake tuƙi a ƙasar nan irin na Ingila, sannan aka juya. To ka ga motar ta zamanin kakanka ce daidai. Ka tambaya a gida ko ya taɓa mallakarta ko akwai hotonsa da ita, fataken goro da yawa sun hau ta. Gadar ce kawai ba ta zamaninta ba, sai 1990 aka buɗe ta.

Ummu Sumayya:
Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka. Mafarki iri uku ne, akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga shaiɗan, akwai kuma abin da zuciya ke saƙawa da rana. In ya dame ka sunna ita ce ka yi tofi ta hagu sau uku ka nemi tsari ka juya kwanciya, kuma ba kowa ake ba labari ba balle a baza shi a intanet. Maganar wai mamaci ya kira ka za ka mutu, ajali yana hannun Allah. Ka yi wa kakan addu'a da sadaka.

Oga Mile 12:
Ni dai da na samu Third Mainland ba gosulo wlh ko asuba ba za ta tashe ni ba sai na kai Obalende 😂

Ɗan Alaba Rago:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baba na kira mahaifiyata a Kano yanzu, ta ce shi Fijo 404 yake da ita, amma wai amininsa da suke fataucin goro tare yana da irin wannan, har an sha kai mu makarantar allo a ciki. Bakanike dan Allah har yanzu ana samun ta a Legas? Ina so in gan ta ido da ido.

Bakaniken Ladipo:
Ana samu jefi-jefi, yawanci a fake ƙura ta rufe su, masu kuɗi kuma sun fara saye suna gyarawa. Ka shigo kasuwar kayan mota ta Ladipo ranar Asabar ka tambayi masu tsofaffin kayan Volkswagen, amma ka taho da wuri kafin hanyar Oshodi ta cushe.