Katalis da Hausa: ni dai na tsaya a kan "mai dalili"

1/ Jama'a, ina fassara wani rubutu kan hayaƙin injinan da ke shan iskar gas, sai na cije a kan kalma ɗaya: katalis, wato abin da ke sa sinadarai su yi aiki da juna ba tare da shi ya ƙare ba. Tun 1835 masanin kemistiri Berzelius na ƙasar Suwidin ya raɗa wa aikin suna, mu har yau muna kame-kame.

2/ Ga yadda abin yake. In wuta ta yi zafi sosai a cikin inji, naitirojin da oksijin na iska sukan haɗe su zama gubar da ke cin huhu, ta kuma jawo ruwan sama mai tsami. Manyan motocin dizal da ruwan yuriya suke kashe ta, wato AdBlue. To injin da gas yake sha, ga miten (babban sinadarin iskar gas) a bututunsa, me zai kai shi sayen yuriya? A 1992 masana Li da Armor a Amurka suka nuna cewa ƙarfen kobalt da aka dasa cikin ziyolait ZSM-5 (wani sinadari mai ƙananan ramuka) yana sa miten ya warware gubar, ta koma naitirojin zalla; kobalt ɗin shi ne katalis a nan.

3/ Wani ya ce min "mai hanzartawa". Rabin zance ne. Miten taurin kai gare shi, sai zafi ya kai wajen digiri 400 yake motsi, kuma da ya motsa oksijin yake nufa, don ya fi gubar yawa a hayaƙin nesa ba kusa ba. Gwanintar kobalt ita ce ya karkato da shi wajen gubar. In hanzari ne kawai, ai ƙonewa zai yi a banza.

4/ "Uwar gami" ta so ta ja ni. Amma kanwa narkewa take a tukunyar wake, a cinye da ita. Katalis kuwa yana nan bayan an gama.

5/ Shi ya sa na tuna da mai dalilin aure. Ta san wanda ya dace da wance, ta haɗa su, a ɗaura, ta koma gida ta jira na gaba. Tukuicin da ake ba ta ne kaɗai bambancin.

6/ Na gwada ta a jimla: "Tururin ruwa da farar wuta suna raunana mai dalilin kobalt, abin da ya hana shi yaɗuwa a masana'antu ke nan." A kunnena ta zauna. Malaman kemistiri, ku faɗe ta a aji, ku dawo mana da abin da yara suka gane.