Gicciyen zinare a kaburburan Lambardawa: imani ne ko laya?

Bala: Jama'a, ga magana. Ƙananan gicciyen zinaren nan da ake tonowa daga kaburburan Lambardawa, wata tsohuwar ƙabilar Jamusawa da ta yi mulki a Italiya, a garuruwan Cividale da Nocera Umbra, ni a wajena hujja ce cewa mutanen nan sun karɓi Kiristanci da zuciya ɗaya. Wa zai musa?

Malama Rifkatu: Ni zan musa, Malam Bala. Ka dubi abin da kyau. Zinare ne aka buga ya yi siriri kamar takarda, aka yanka, aka huda ƙananan ramuka a bakinsa don a ɗinka shi a kan mayafin da ake rufe fuskar mamaci. Ba na wuya ba ne, mai rai bai taɓa sa shi ba. To imanin wa ka gani, na mamacin ko na dangin da suka biya maƙeri?

Bala: Amma ai kafin sarkinsu Alboin ya shigo da su Italiya a shekarar 568, kaburburansu na yankin Hungari ba su da shi. Sai da suka zauna cikin Kiristoci.

Malama Rifkatu: Wannan gaskiya ne, kuma ni yake taimaka wa. Baƙo ya ga abin da masu gari ke girmamawa, ya ɗauka.

Isuhu: Laya ce kawai! Mutum an binne shi da takobi da garkuwa, ga zanen dabbobi a nannaɗe a jikin gicciyen, irin na kakanninsu, sannan a ce mini Kirista?

Malama Rifkatu: Kai ma ka zarce, ƙanena. Takobin nan matsayi yake nunawa, ba tsafi ba. Zanen kuwa, abin da ke cikin hatimin maƙeri shi yake bugawa. Wasu ma tsabar kuɗin Rumawa aka danna musu.

Baba Audu: Ku bar ni in jefa tawa. Ko sun yi imani, wanne? Sarakunansu da dama 'yan ɗariƙar Ariyus ne, masu cewa Yesu bai kai matsayin Allah Uba ba, Sarauniya Theodelinda kuwa Katolika ce, ita ta gina coci a Monza. Gicciyen bai ce komai ba a kan wannan. Kuma an same shi a kudancin Jamus wajen Alamanawa, wata ƙabila dabam.

Bala: Ranka ya daɗe, ka ƙara dagula mini lissafi. Amma "laya" ta Isuhu kam ban yarda ba.

Isuhu: To ina amfanin ɗinka shi daidai kan fuska?