Neman shawara: yadda zan sauki baƙin bikin Yahudawa daga Juma'a zuwa Lahadi cikin natsuwa

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san al'adun Yahudawa ko suka taɓa halartar bikinsu. Maƙwabciyata, wadda muka daɗe muna zaman amana da ita a garin da muke zaune a Amurka, za ta aurar da 'yarta a watan Yuni, kuma ta ɗora mini nauyin kula da baƙin da za su zo daga nesa, domin ita hankalinta zai tafi ne kan amarya. Ranar Lahadi da yamma za a ɗaura auren, amma yawancin baƙin za su iso tun Juma'a, kuma amarya da ango sun ce ba sa son irin bikin da ake ta jan mutane daga wannan taro zuwa wancan, sun fi son kowa ya huta a zauna a ga juna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dangin amarya ba masu tsanantawa ba ne, alhali a dangin ango akwai waɗanda suke kiyaye ranar Asabar da dokokin abinci sosai. Ta yaya zan tsara masauki da abinci har kowane ɓangare ya saki jiki? Na kuma yi tunanin ɗaukar hayar babbar mota ranar Asabar a zagaya da baƙi su ga gari, shin hakan ya dace?

Abu Sadik:

Wa alaikumussalam Malama. Na yi aiki a wurin karɓar baƙi na wani otal da ke kusa da unguwar Yahudawa, don haka zan tsaya kan masauki, inda a ganina nan ne duk wahala ko sauƙin lamarin yake. Asabar ɗinsu tana shiga ne tun yammacin Juma'a, ana kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwar rana, kuma ba ta fita sai taurari sun bayyana a daren Asabar, kusan awa 25 ke nan. A tsawon wannan lokaci mai kiyayewa ba ya hawa mota, ba ya kunna wuta ko kashe ta, ba ya girki, ba ya rubutu, ba ya taɓa kuɗi ko waya. Shi ya sa ma ba a ɗaura aure a ranar, ake kai shi Lahadi ko daren Asabar bayan an fita.

Saboda haka abin da za ki fara aunawa shi ne tafiyar ƙasa: masauki da majami'a da wurin cin abinci su kasance inda tsohuwa za ta iya takawa ba tare da ta jigata ba. Idan otal mai kyau yana nesa, matsakaici kuma yana kusa, ki ɗauki na kusa. Ki zauna da manajan tun da wuri ki gaya masa abubuwan da ba lallai ya sani ba. Katin buɗe ƙofa da lantarki yake aiki, don haka ana bukatar makullin ƙarfe, ko a sa ma'aikaci guda ya san cewa shi zai riƙa buɗe musu. A ba su ɗakunan hawan ƙasa ko na farko tunda ba za su danna lifta ba, a nuna musu ƙofar da ba ta buɗe kanta da kanta, a biya kuɗin ɗaki kafin Juma'a ta yi yamma. Na sha ganin baƙo ya zo da ɗan salatif ya manne makunnin fitilar cikin firij don kada ta kama idan ya buɗe, kuma idan kika sa a yi musu wannan kafin su iso za su san an yi tunaninsu. Yawancin otal-otal ba sa yarda a kunna kyandir a ɗaki saboda gobara, sai ki nemi teburi guda a zaure a jera ƙananan kyandirori da ashana domin mata su kunna a can.

Ki kuma tambayi malamin majami'ar ko unguwar tana da eruv, wato iyakar da ake kewaye unguwa da ita da waya a kan turaku, wadda take halatta musu ɗaukar kaya a waje ranar Asabar. Idan babu, uwa ba za ta iya tura keken jariri zuwa wurin cin abinci ba, kin ga ashe gara a ci a cikin ginin da suka sauka. Abu na ƙarshe, ki rubuta wa kowa cewa ya ɗauki jirgin safiyar Juma'a ko na Alhamis, domin jinkirin jirgi na awa biyu yana iya sa mutum ya kwana biyu a garin da bai nufa ba.

Gwaggo Asabe:

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri kan wannan zumunci. Maganar babbar mota, ni dai ina ganin ki ajiye ta. Rabin baƙinki ba za su hau ba, sai a wayi gari an raba dangi biyu a ranar da ya kamata su saba da juna, kuma natsuwar da amarya take nema ai Asabar ɗin ta riga ta zo da ita. Wanda yake son ganin gari ki ba shi takarda mai sunayen wurare ya tafi da kansa, ba sai an mai da shi shiri na kowa ba.

Game da abinci, kada ki ce za ki dafa a gidanki, kuma kada ranki ya sosu idan dangin ango ba su ci abin da ya fito daga tukunyarki ba, domin dokar ta shafi har tukwane da cokula, ba raini ba ne. Ba a haɗa nama da madara ko abin da aka yi da ita, kuma da yawa suna jiran awa 6 bayan nama kafin su taɓa madara, shi ya sa kayan zaƙin da za su biyo bayan kaza dole su zama marasa man shanu. Mafita ita ce mai dafa abinci da yake da shaidar kosha, wato shaidar cewa abincinsa ya bi dokokin abincin Yahudawa, kuma ki bar uwar ango ta faɗi wace shaida suke yarda da ita, don ba duka suke ɗauka ɗaya ba. Idan aka ciyar da kowa a kan ma'aunin wanda ya fi tsanantawa, ba wanda zai zauna gefe da ɗan kwanonsa shi kaɗai. A jakar maraba da za ki ajiye a ɗakuna ki sa ruwa, 'ya'yan itace da ba a yanka ba, da kayan ƙwalam da ke rufe masu tambarin shaida, wanda aka fi sani shi ne harafin U a cikin da'ira, idan kuma akwai D a gefensa to da madara a ciki.

Daren Juma'a za a yi addu'a a kan kofin ruwan inabi, a wanke hannu, sannan a gutsura burodin halla guda biyu da aka lulluɓe da ƙyalle. Tsakanin wanke hannu da cin burodin ba sa magana, saboda haka idan kin yi wa wani tambaya ya gyaɗa kai kawai, ba fushi yake ba. Ki tabbatar an sayi ruwan inabin da aka rubuta mevushal a jikin kwalbarsa, wato wanda aka dafa, tunda masu raba abincin ba Yahudawa ba ne. Abincin ranar Asabar kuwa tun Juma'a ake gama shi, a bar tukunyar wake da nama da dankali, wadda suke kira colent, a kan farantin lantarki ta kwana tana dahuwa, a cika tukunyar ruwan zafi saboda masu shayi.

Ɗan Malam:

Na yarda da Gwaggo kan motar, amma ina ganin a yi hattara kada tanadin masu kiyayewa ya sa sauran baƙi su ji kamar an kawo su wurin da ba su san dokarsa ba. Takarda guda mai bayani a sauƙaƙe ta isa: lokacin kunna kyandir, lokacin fitar Asabar, da roƙon a ajiye waya da ɗaukar hoto a wurin cin abinci kaɗai, abin da mutum ya yi a ɗakinsa kuwa nasa ne. A watan Yuni a gari irin New York Asabar ba ta fita sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka kada ki shirya babban taro a daren, ɗan bikin rufe Asabar da suke kira habdala, da kyandir mai kitso da kayan ƙamshi ya wadatar, kowa ya je ya kwanta.

Akwai tambayoyi biyu da ya kamata ki yi wa maƙwabciyarki yau. Shin za a yi aufruf da safiyar Asabar, inda ake kiran ango ya yi albarka a kan Attaura a majami'a jama'a su jefe shi da alewa? Idan za a yi, shi ne babban taron ranar, kuma ƙananan jakunkunan alewa mai taushi suna cikin aikinki. Na biyu, shin amarya da ango suna bin al'adar rashin ganin juna na mako guda kafin ɗaurin aure? Idan suna bi, liyafar daren Juma'a za ta zama biyu a wurare dabam, kuma wannan zai canja dukan lissafinki.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, na fasa ɗaukar motar. Na tambaya, za a yi aufruf, amma ba sa bin al'adar rabuwar, saboda haka liyafa ɗaya ce. Saura ranar Lahadin kanta, me ya rage a kaina?

Gwaggo Asabe:

Ki bar safiyar a sake, 'yata, a ajiye karin kumallo na tsawon awanni kowa ya sauko lokacin da ya ga dama, amma kada ki matsa wa amarya da ango su ci, domin wasu suna azumi har sai an ɗaura. A nan ne motarki za ta yi amfani, kuma ta tashi da wuri, saboda kafin a shiga ƙarƙashin huppa, wato rumfar da ake ɗaura auren, akwai sa hannun shaidu biyu a takardar yarjejeniyar aure da suke kira ketuba da kuma lulluɓe amarya da ango yake yi da kansa, dangin nesa kuwa ba sa son waɗannan su wuce su. Ki kuma tambayi wa zai kwana har Litinin, domin ana ci gaba da liyafar albarka bakwai tsawon mako guda, ana bukatar mutum 10 da kuma baƙon da bai halarci ɗaurin auren ba, kuma gidan da zai shirya ta farko zai so sanin yawan kujerun da zai tanada.