Wai fita zaɓen shugaban ƙasa na da wani amfani, ko wahalar banza ta?

Ɗan Mabera:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni kuma da gaske nike, ba neman gardama ba. Zaɓen 2027 na ta matsowa, majalisarmu ta abokai ta rabu biyu, wasu sun rantse ba su ƙara bin layi cikin rana don wani ya hau kujera, wasu na cewa wanda bai yi zaɓe ba bai da bakin kuka. Ni katina na hannu amma zuciyata ba ta kwanta ba. A 2023 mutum miliyan 93 da ɗori anka yi ma rijista, waɗanda sunka hita ba su kai miliyan 25 ba, wato cikin mutum huɗu kusan uku sun yi zamansu gida, to su duka ba su san abin da sukai ba? Kuma waɗanda sunka hita mi sunka samu, ranar rantsuwa 29 ga Mayu anka janye tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500, daga baya har ta wuce dubu. Shi ne nike son manya su gaya man, ƙuri'a guda tana canza wani abu? Kuma wajibi na ga ɗan ƙasa ko ganin dama?

Malam na Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, in da mutumin wata jiha ne yay yi wagga tambaya da sai in yi mai uzuri, amma Basakkwace bai kamata ya manta 2019 ba. Zaɓen gwamna anka yi ran 9 ga Maris anka ce bai kammalu ba, don ratar da ke tsakanin Tambuwal da Ahmed Aliyu dubu 3 da ɗori ta, ƙuri'un da anka soke kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba. Anka koma ran 23 ga Maris, da anka gama lissafi Tambuwal na da 512,002, Ahmed Aliyu na da 511,660. Ƙuri'a 342 kenan a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Rumfa guda mai jama'a ta fi haka mutane. Har Kotun Ƙoli anka je, farkon 2020 ta bar sakamakon yadda yake. Ban ce ma wane ya fi wane ba, kowa da nashi, abin da nike nuna ma shi ne mutanen layi biyu ko uku na Mabera da sun hito ko sun ƙi hitowa da labarin jiha ya canza na shekara huɗu.

Za ka ce ai wannan na gwamna ne, kai na shugaban ƙasa kake tambaya. To a 2023 nan Sakkwato Atiku ya samu 288,679, Tinubu 285,444, ratar 3,235 kacal, alhali masu rijista a jihar sun haura miliyan 2 kuma waɗanda sunka jefa wajen dubu 600 ne. Sannan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, zaɓen shugaban ƙasa ba wai wanda ya ci jiha ya kwashe duka ba ne. Ƙuri'arka tana shiga jimillar ƙasa baki ɗaya ko ɗan takararka ya ci Sakkwato ko bai ci ba, kuma tsarin mulki ya ce sai mutum ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24, kafin a ba shi. Don haka ko a jihar da ɗan takara ya faɗi yana neman rubu'in nan ido rufe, shi ya sa kake ganinsu har ƙauyukan da sun san ba nasu ba ne.

Abin da ya fi damuna da masu cewa mu ƙaurace shi ne dokarmu ba ta da wani adadi da za a ce in ba a kai shi ba zaɓe ya rushe. Ko mutum goma sunka hita za a ƙirga a rantsar da wanda ya samu shida. Kamar magaji ne ya yi fushi ya ƙi zuwa wurin rabon gado, ba a fasa rabo don shi. Tinubu da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 700 da ɗori ya hau, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, kuma hukuncin da ya yanke kan mai bai tsallake gidan wanda bai yi zaɓe ba.

Baƙo daga Sabon Birni:

Malam duk abin da ka faɗi lissafi ne mai kyau ban musa ba, amma ku da ke cikin gari kuna magana ne da kwanciyar hankali. Ni yanzu ina zaune gidan ɗan'uwa nan Sakkwato da iyalina, garinmu ba ya shiguwa, gonar da ubana ya bar man ban noma ta ba, mutanenmu wasu na Gidan Runji da Maraɗi suna gudun hijira ƙasar wasu. Mun yi zaɓe a 2015 da zuciya ɗaya, tsofaffi da sanduna sunka hita, mata da goyo, saboda an ce za a kawo tsaro. Mun sake a 2019. Bayan nan ne abin ya ci Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, har ya kai ƙauye sai ya tara kuɗi ya kai ma ɓarayin daji kafin a bar shi ya girbe gero. To don Allah wane haƙƙi ne ƙasa ke bi na? Ni na sauke nawa, ita ba ta sauke nata ba. In ana maganar wajibi a fara da wajibin kare raina. Kuma ko na ce zan yi, rumfata tana can inda ba ni iya zuwa. Ban hana kowa ba wallahi, amma kada a kira irinmu marasa kishi, mu mun biya abin da ya fi bin layi.

Malama ta Arkilla:

Baba na Sabon Birni, Allah ya mayar da ku gida lafiya, ya kawo ƙarshen wannan musiba. Babu mai hankalin da zai ce maka marar kishi, kuma ni ma ban yarda a tilasta ma kowa ba. Kun tuna a watan Mayun 2025 majalisar wakilai ta ɗauko ƙudurin tilasta zaɓe, har da tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga wanda bai fita ba, ya tsallake karatu na biyu, jama'a suka yi ca har Kakakin majalisa Tajudeen Abbas ya janye shi. Ni na ji daɗin janyewar. Ostareliya suna tilastawa tun 1924 amma can ba wanda ke tsoron a tare shi a hanyar rumfa, mu a ce za a ci tarar mutumin da aka kora daga gidansa ai zalunci ne a kan zalunci.

To amma rashin tilas a doka bai sa abin ya zama wasa ba, musamman gare mu mata. Kakanninmu mata a Arewa ba su jefa ƙuri'a a 1959 ba, ba su jefa a 1964 ba, alhali matan Kudu na jefawa tun shekarun 1950. Babban zaɓen ƙasa na farko da macen Arewa ta shiga shi ne na 1979, wanda namu Alhaji Shehu Shagari ya ci. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan maganar tun zamanin jam'iyyar NEPU. Shi ya sa raina ke ɓaci ranar zaɓe in na ga mata sun fi kowa cika layi, tun da sassafe, amma an bi su gida-gida da daddare da taliya da sabulu da turmin atamfa, wata ma naira dubu biyu, an ce ga alamar da za ki dangwala. Ba na zagin wadda ta karɓa, yunwa ba ta da kara, kuma a 2023 lokacin canjin kuɗi ne mutum na da kuɗi a banki amma ba ya da na cefane a hannu. Abin da nake ce ma ɗalibaina da iyayensu shi ne wanda ya biyo ki da taliya ya san ƙuri'ar tana da daraja, in ba ta da amfani ba zai kashe ko sisi a kanta ba.

Ɗan Mabera kuma kan maganar wajibi, ni yadda na fahimta daga malamanmu ƙuri'a shaida ce, kana shaidar cewa wane ya fi cancantar a ba shi amana, kuma a ƙarshen Baƙara an hana ɓoye shaida. Akwai malaman da ke da wata fahimta daban kan dimokuraɗiyya gaba ɗaya, wannan ka zauna da malaminka. Amma in kana da lafiya, hanya lafiya, rumfarka na bayan gidanku, kuma a ranka ka san wane ya fi wane dama ko da kaɗan ne, ni ban ga hujjar zama ba.

Mai albasa, Illela:

Ni ba ni da dogon karatu amma bari in faɗi abin da na gani da idona. Kowa na ta maganar shugaban ƙasa an manta ranar takarda uku ake ba ka, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar tarayya, mutane da yawa biyun nan dangwala kawai sukai ko sunan ɗan takara ba su sani ba. Da sojoji sunka kifar da shugaban Nijar Bazoum ran 26 ga Yulin 2023 anka rufe boda tsakaninmu da Ƙonni, motoci sunka yi layi, kaya sunka ruɓe, albasa ba ta jiran siyasa, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Mu da Ƙonni auratayya ce da kasuwa guda, sai ga shi ana maganar ECOWAS za ta kai yaƙi. Shugaban ƙasa ya rubuta ma majalisar dattawa, sanatocin Arewa sunka tashi sunka ce a'a, majalisa ta ce a bi hanyar sulhu. Wallahi ranar nan na san amfanin sanata, don da an yi yaƙin nan bisa kanmu za a yi shi ba bisa kan mutanen Abuja ba. Sanata uku gare mu da 'yan majalisar wakilai 11, kuma a 2023 kujerun sanatan duka ukun sai da anka ce ba su kammalu ba anka koma ran 15 ga Afrilu, ka ga nan ma 'yan rumfuna ne sunka raba gardama. In ka ce shugaban ƙasa ya yi ma nisa, to wanga da ka san gidansu ka san ubanai fa?

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Baba Allah ya kawo sauƙi. Malam saura abu guda, maguɗi fa? An ce mana da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, da IReV, shafin ɗora sakamako na hukumar zaɓe, an gama da sata, sai ga shi ranar zaɓen shugaban ƙasa sakamako ya ƙi hawa intanet kan lokaci, na 'yan majalisa na hawa. Wannan ne ya kashe ma abokaina jiki fiye da komi.

Malam na Runjin Sambo:

Gaskiya ta, abin ya faru, hukumar zaɓe da kanta ta ce matsalar na'ura ta samu, kuma mutane da yawa ba su gamsu da bayanin ba har yau. Ba ni kare wannan. Amma duba wannan zaɓen dai na 2023, Bagudu yana gwamna mai ci a Kebbi ya nemi sanata ya faɗi hannun Aliero, Matawalle yana kan kujera a Zamfara Dauda Lawal ya kada shi, nan gida jam'iyyar da ke mulkin jiha ta rasa gwamna, kuma a 2015 shugaban ƙasa mai ci Jonathan ya faɗi. In da rubutawa kawai akai, mai mulki ba ya faɗuwa.

Na yi aikin ejan na jam'iyya a rumfa, kuma abin da na lura sata ta fi sauƙi inda mutane sunka jefa sunka watse, ko inda ba su hito ba sam. A rumfa ake ƙirga ƙuri'a a bainar jama'a da ƙarfi, a cika fom ɗin sakamako EC8A, ejan-ejan su sa hannu a ba kowa kwafi, a manna sakamako a bango. In mutum hamsin na tsaye da waya sun ɗauki hoton takardar nan, mai son canza ta a wurin tattarawa sai ya yi tunani biyu, kuma ita ce hujjar da ake kaiwa kotu. Don haka ku da abokanka in za ku hita kada ku jefa ku tahi gida, ku tsaya har a ƙirga, ku ƙi biye ma 'yan banga ko sun tsokane ku don hargitsi sukan so a soke rumfar.

Baba na Sabon Birni, maganarka ta fi ƙarfin lissafina, ba ni da amsar da za ta mayar ma da gonarka. Abu guda dai, in har ka ga dama, katinka bai mutu ba, ana iya mayar da shi rumfar unguwar da kake zaune yanzu lokacin da ake rijista, a ofishin zaɓe na ƙaramar hukuma ake yi kuma ba a biyan ko kwabo. Sai dai ka sani in ka mayar da shi cikin gari, ƙuri'arka ta sanata da ta ɗan majalisa ta bar Sakkwato ta gabas ta dawo nan, ta shugaban ƙasa da ta gwamna ne kawai ba su canzawa, don haka ka yi shawara da mutanenku kafin ka yanke.