Musayar Waƙa: Hankaka Mai Da Ɗan Wani Naka

Ɗan Gwammaja:
Salam ƴan'uwa, yau da ciwo na zo, maganar ta ƙi faɗuwa sai a waƙa

Shekara 3 ina tsayuwa a Fagge ƙofar gidanta,
Ruwa ya dake ni, sauro ya ci ni, duk don ganinta,
Kawu ya kai goro an karɓa a hannun babanta,
Sai ga hankaka da mota ya faka a layinta,
Ya san da maganata sarai amma ya karɓi lambarta.

Ɗalibin BUK:
Yaya sannu, Allah ya musanya. Wallahi mun karanta abin nan, David Schmitt da David Buss na Amurka sun yi bincike a 2001 kan masu ƙwacen masoyin wani, ni dai ba ina wanke mutumin ba ne so nake ka san ba kai ka gaza ba

Masana sun ce tsohon hali ne a cikin jini,
Ido ya fi kwaɗayin wadda ke hannun wani,
Tunda an zaɓe ta, zuciya ta ce lallai akwai amfani,
Ko ɗan kifin gofi da Dugatkin ya gwada, masani,
Mace kan bi namijin da wata ta raɓa, haka ya gani.

Anti Mai Lalle:
Ƙanina, kifi bai san goro ba, bai san alkawari ba,
Mace ba atamfar Kwari ce da za a fizga ba ta ce uffan ba,
Da ba ta ɗaga wayar ba da hankakan bai sauka ba,
Kuma mu mata muna yi, ba zan rufa mana asiri ba,
Na zana wa amarya lalle a Kurna, hannuna bai so ba,
Angon saurayin aminiyarta ne, ita ko ɗinkin anko ba ta karɓa ba.

Malam na Ƙofar Mata:
Manzo (SAW) ya hana mutum nema kan neman ɗan'uwansa,
Sai na farko ya janye ko ya yi izini da bakinsa,
Buhari da Muslim sun kawo shi, ku duba babinsa,
Ɗana ɗalibi, na yarda doki na da zafin jininsa,
To mahayin fa, wa ya ƙwace masa linzaminsa?

Ɗalibin BUK:
Allah gafarta Malam, babu ja, linzami na hannunsa,
Su ma masanan sun ce kishi na nan don tsaron abinsa,
Mai ƙwace ba ya barci, ya san ƙofar da ya bi da kansa.

Ɗan Gwammaja:
Na gode Malam, Anti maganarki ta yi zafi amma gaskiya ce

Akwati 4 na lefe na nan ɗakin Hajiyata,
Leshin da na biya da adashi ko ledar ba a buɗe ta,
Jiya Hajiya ta ce in mayar Kwari, na kasa ɗaga kai in kalle ta,
Gobe bayan la'asar Kawu zai je wajen baban masoyiyata.