Ta yaya lakar ƙasan teku ke nuna tafiyar ruwa a zamanin ƙanƙara?

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum malamai. An ba ajinmu na masta a nan Maraɗi aikin gabatarwa kan yadda ake gano tafiyar ruwan can ƙasan teku kusa da Antaktika da Aktik, shekaru kamar 21,000 da suka wuce. Abin da ya ɗaure mini kai, ruwan ya wuce tuntuni, laka ce kawai ta rage. Me ake aunawa a cikinta? Kuma me ya sa ake cewa hanyar kabon-13 ba ta cika aiki a tekun kudu ba?

Malamin Labo: Wa alaikumus salam ɗana. Fara raba tambayarka gida biyu: daga ina ruwan ya fito, da kuma wane irin gudu yake yi. Babu awo ɗaya da ke amsa su duka.

Kabon-13, wani nau'in kabon mai ɗan ƙarin nauyi, na amsa ta farko. Ana yanko laka kauri santimita 1 daga doguwar sandar lakar da aka haƙo a ƙasan teku, a wanke ta a rariya mai ido mikiron 63 (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a busar a zafin da bai wuce digiri 50 ba, sannan a zauna gaban madubin ƙara girma da ɗan burushi a tsinto ƙwanson foraminifera, wasu mitsi-mitsin halittun teku, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ake so shi ne Cibicidoides wuellerstorfi, don a saman laka yake zama, ruwan da ke wucewa yake sha. Uvigerina kuwa cikin laka take nutsewa, kabonta ya gauraya da na ruɓaɓɓen abin da ke cikin lakar, ba na ruwan teku zalla ba ne. Nan ɗalibai suka fi faɗawa rami. Ruwan da ke nutsewa a arewacin Atlantika sabo ne, kabon-13 ɗinsa ya ɗara ma'aunin da ake kwatantawa da shi da kusan 1 cikin 1,000. Wanda ke fitowa daga Tekun Wedel da Tekun Ros na Antaktika ya fi shi ƙasa. Da haka aka ga cewa a ƙarshen zamanin ƙanƙara, ƙasa da zurfin mita 2,000 zuwa 2,500, ruwa mai ƙarancin kabon-13 ne ya cika Atlantika.

Matsalar kudu kuwa, ƙwanson nan na alli ne, ruwan can mai sanyi ne mai cin alli, yana narkar da shi. Za ka wanke laka ka tarar da ɓawon diyatom zalla, wato mitsi-mitsin tsiron ruwa masu ɓawon silika. Ko ka samu ƙwanson, in tsiron saman ruwa na zubowa da yawa yana ruɓewa a ƙasa, awon zai sauka ba tare da ruwan ya canza ba.

Malama Zariya II: Allah gafarta malam, bari in ɗora. Inda alli ya narke, ga niyodimiyom ake komawa, wani sinadari da ruwa ke ɗaukowa daga duwatsu. Ruwan arewacin Atlantika na ɗauke da alamar tsofaffin duwatsun Kanada da Girinlan, lambar awonsa wajen −13.5, na Fasifik wajen −4 saboda duwatsu masu aman wuta, ruwan da ke zagaya Antaktika na tsakiya, wajen −8. Ana samunsa a haƙoran kifi da ke cikin laka, ko a tsatsar ƙarfe da manganis da ta rufe ƙwayoyin lakar, wadda ake narkarwa da haidiroksilamin. A yi hattara da ƙarfin sinadarin: in ya yi yawa ko ya daɗe, zai ci tokar dutse mai aman wuta, musamman kusa da Aisilan, sai ka ga lamba ta haura ka ɗauka ruwan kudu ne ya shigo.

Gudun ruwa kuma girman ƙwayar laka ke nuna shi, tsakanin mikiron 10 da 63. Kamar shiƙar gero ne, iska ta kwashe mai sauƙi ta bar mai nauyi. Ƙasa da mikiron 10 laka na dunƙulewa, ba ta da amfani a nan. Kafin awo dole a cire alli da asid asetik, a cire ɓawon diyatom da sodiyom kabonet mai zafi wajen digiri 85, a warwatsa ƙwayoyin da sinadarin kalgon. In ka tsallake mataki na biyu a lakar Antaktika, diyatom ka auna, ba gudun ruwa ba. Sai kuma tsaunukan ƙanƙara masu yawo, suna narkewa suna zubar da yashi da tsakuwa ba tare da ruwa ya tace su ba. Duba ko matsakaicin girman ƙwayar da yawan kasonta suna hawa da sauka tare. In ba sa yi, ajiye wannan sashen.

Baba na Madarumfa: Duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni da lissafin shekaru zan sa ka fara, don nan ne aikin ke rushewa. A tsakiyar Aktik laka na taruwa wajen santimita 1 a shekara 1,000, tsutsotsi kuma na motsa santimita da dama na sama. Abin da ya faru cikin shekara 1,000 ya riga ya cuɗe. Shi ya sa ake neman tudun laka da ruwa ya tara, inda ake samun santimita 10 ko fiye. Kabon-14 ma ba ya wuce shekara 50,000, kuma ruwan kudu tsoho ne tun yana saman teku, sai an yi masa gyara, gyaran kuwa ba ɗaya ba ne a kowane zamani. Lakar da ta wuce waɗannan shekarun sai a daidaita oksijin-18 na ƙwansonta da ma'aunin shekaru na LR04 na 2005, wanda ya haɗa awon wurare 57 na ƙasan teku.

Akwai kuma sinadaran furotaktiniyom-231 da toriyom-230, masu nuna ƙarfin tafiyar ruwa. Yuraniyom ɗin teku na haifar da su a rabon 0.093. Toriyom na saurin maƙale wa ƙwayoyi ya faɗi, furotaktiniyom na jimawa har ruwa ya tafi da shi. A lakar kusa da tsibirin Bamuda a Atlantika rabon ya kusan kai 0.093 shekaru kamar 17,500 da suka wuce, wato tafiyar ruwan ta yi rauni ƙwarai. Amma kada ka kai wannan awon Antaktika kai tsaye: silikar diyatom na jan furotaktiniyom, rabon zai hau ko ruwa na gudu.

Tun da a Maraɗi za ka gabatar, sa wannan: lakar da aka haƙo daga tekun Senegal ta nuna cewa lokutan da tafiyar ruwan Atlantika ta yi rauni sun zo daidai da fari mai tsanani da ƙura a Sahel.

Ɗan Gulbi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mu da ba mu da teku, ina za mu samu lambobin?

Malama Zariya II: Shiga rumbun PANGAEA a intanet, kyauta ne, ka nemi sunan wurin haƙa. Don Aktik nemi tafiya ta 302 ta IODP, shirin ƙasa da ƙasa na haƙa ƙasan teku, wadda ta haƙa tudun Lomonosob a 2004. Don kudu, ta 374 a Tekun Ros a 2018 da ta 382 a Tekun Skotiya a 2019. Lakar kanta na ajiye a Biremen ta Jamus, da Tekzas, da Kochi ta Japan, kuma malaminka na iya rubuta takardar neman samfur. Ka zana awo biyu na wuri ɗaya a kan lissafin shekaru ɗaya, ɗaya na asalin ruwa ɗaya na gudu, ka nuna wa ajin inda suka saɓa.